Izu Ukun da Ban Karanta Ba

A gidanmu ba a bikin ranar haihuwa, rubuta ta kawai ake yi. Kakanmu ya rubuta Alƙur'ani da hannunsa tun kafin a haƙa kanal, wato magudanar ruwan noman rani, a ƙasar Kura, ya bar warƙa biyu farare a ƙarshen kundin. A nan ake sa ranar da kowa ya zo duniya, da lissafin wata. Mahaifina ne na farko a jerin. Mu 'ya'yansa Malam muke ce masa kamar yadda duk garin ke faɗa, domin da safe yana koyarwa a zauren gidanmu, da yamma kuma yana gona.

Shekarar da nake ajin ƙarshe a kwaleji a Kano, Malam ya cika sittin da uku. Da kansa ya kira ni a waya, abin da bai saba yi ba, don shi waya a wurinsa ta amsawa ce.

"Injiniya," in ji shi. Haka yake kirana tun da ya ji cewa ilimin ban ruwa nake karantawa, yana dariya wai an tura ni birni in koyi abin da yake yi da ƙafarsa a cikin taɓo. "Asabar mai zuwa zan cika shekarun Manzon Allah. Abin da ya biyo baya kyauta ce. Ina so a sauke mini Alƙur'anin kakanku a ranar, kuma ina so in ji muryar 'ya'yana a ciki, dukanku."

Na ce to. A wannan Asabar ɗin ce malamin wani kwas ya sa mana jarrabawa da ƙarfe huɗu na yamma, saboda yajin aiki ya cinye rabin zango, ana ta cusa mana karatu kamar ana ɗura wa buhu shinkafa. Malamin kuwa irin mutanen nan ne da ko mutuwa ka ce an yi maka sai ya nemi ganin likkafani. Kuma akwai abin da babu wanda ya sani a gida: na faɗi wannan kwas ɗin a bara. Maimaici nake yi. In na sake faɗuwa, abokaina za su fita su bar ni, kuma dole maganar ta iso kunnen Malam.

Na gaya masa rabin gaskiya. Na ce ina da jarrabawa da la'asar, sai na bar gida da azahar.

"Ai ya yi daidai," in ji shi. "Ni ma ranar ruwana ce, daga azahar zuwa magariba. Mu yi sauka da hantsi. In an gama kai ka tafi ruwan takarda, ni in tafi na gona."

Wanda bai san noman rani a wajenmu ba zai ɗauka ruwa yana nan kullum tunda kanal ya ratsa gari. Ba haka ba ne. A shekarar ruwan ya yi ƙasa, sai aka raba shi layi-layi, kowane layi da yininsa a mako, kowane manomi da sa'o'insa. In lokacinka ya yi ba ka zo ba, na ƙasa da kai zai buɗe nasa, kuma bai yi maka laifi ba. Sai wani makon. Malam yana da tumatir fangali masu yawa a bakin layinmu, kuma ba ya yarda kowa ya yi masa ban ruwa. Yana cewa mu ambaliya muke yi, ba ban ruwa ba.

Na iso gida ranar Juma'a da yamma da jaka cike da handawut, takardun darasin da malamai ke raba mana, na ce zan yi karatu. Wane karatu! Yayanmu ya zo daga Kumbotso da iyalinsa, yayata ta zo daga Madobi, gida ya cika ya batse. Ni aka aika nemo tabarmi, ni aka aika niƙa, ni aka sa ɗaura rumfa. Ɗan boko in ya dawo gida ai hutu ake ganin ya zo yi. Ko shafi ɗaya ban buɗe ba. Taura biyu ba ta taunuwa, na sani, amma na ce ni zan tauna.

Da hantsin Asabar aka zauna a tsakar gida. Mu goma sha biyu ne masu karatu: mu shida 'ya'yansa, baffanmu, da tsofaffin ɗalibansa biyar. Izu sittin, kowa biyar. Malam bai ɗauki kaso ba, domin yanar ido ta fara rufe masa gani. Yana gane mutum, yana gane kunyar gona, amma baƙi sai ya kai takarda dab da hancinsa. Ya zauna a kan buzunsa cikin farar riga, ya kwance igiyar gafaka, ya fito da kundin. Alƙur'anin kakanmu ba ɗinkakke ba ne, warƙoƙi ne a sake, shi ya sa ake iya raba shi. Ba a kuma fito da shi sai da babban dalili. Malam ya riƙa lalubawa da yatsa yana ware wa kowa nasa, ya miƙo mini nawa daga tsakiya.

"A hankali," in ji shi ga kowa. "Sun sha damina a rufe."

Laimar damina takan shiga gafaka, ƙaron da ke cikin tawadar ya sa warƙoƙi su manne da juna kaɗan. Kafin ka juya warƙa sai ka hura bakinta, ka sa farce, ta rabu da 'yar'uwarta da wata 'yar ƙara. Tun muna yara mun san wannan. Da aka fara, tsakar gidan ya ɗauki gunjin karatu, a ƙarƙashinsa kuma kana jin wannan 'yar ƙarar daga ko'ina. Malam ya rufe ido yana jijjiga kai. Ban taɓa ganin fuskarsa a sake kamar ranar ba.

Na karanta izu biyu da gaskiya. Amma na jima ban karanta rubutun hannu ba, idona ya saba da bugu, sai na riƙa tuntuɓe ina komawa baya. Kafin in gama na biyun, baffa yana na huɗu. Ana nan sai wayata ta motsa a aljihu. Da na bar ta da na huta. Na leƙa, saƙo ne daga shugaban ajinmu: malamin ya ƙara babi biyu a jarrabawar, har da wanda ya kayar da ni bara.

Abin da na yi bayan nan, shekaru ke nan ban faɗa wa kowa ba. Ina da hoton handawut ɗin a waya. Na ajiye ta a cinyata, na ja gefen rigata na kare, na riƙe warƙoƙin kakanmu a sama kamar mai karatu. Leɓena yana motsi, amma lissafin gudun ruwa a magudana nake haddacewa. Duk bayan ɗan lokaci sai in juya warƙoƙi dunƙule guda, biyar ko shida a manne, in ajiye a gefe. Yayata tana kusa da ni, ba ta ɗago ba. Na gaya wa kaina zan rama daga baya, Allah ya ga uzurina. Izu uku suka wuce a haka.

Da kowa ya yi shiru, Malam ya bi mu ɗaya bayan ɗaya.

"Ka kammala?"

"Na kammala, Malam."

Kowa ya faɗa ya miƙa nasa. Da aka zo kaina na faɗa da murya irin ta kowa, na miƙa da hannu biyu. Ya karɓa ya ɗora a kan sauran.

"Allah ya yi maka albarka, Injiniya."

Sannan ya ɗaga hannu ya yi addu'ar sauka. Ya yi wa kakanmu, ya yi wa Inna mahaifiyarmu da ke zaune a ƙofar ɗakinta, ya yi mana mu da 'ya'yan da ba mu haifa ba tukuna. Muryarsa ta karye da ya zo kan godiya, ya ce Allah ya nuna masa ranar da 'ya'yansa shida suka haɗu suka sauke masa Littafi bai rasa ko ɗaya ba. Kowa yana amin yana share ido. Ni ma na ce amin. Ni kaɗai na san izu hamsin da bakwai aka karanta.

Autarmu ce ta warware zaman. Ita tun farko "bazde" take kiran abin, har ta yi wa wata mata a Kura magana ta yi kek, an rubuta sittin da uku a kai da jan sukari. Ta kawo shi gaban Malam tana rawar ƙafa, ta ciro kyandir za ta dasa.

"Ke, wannan burodin me ya yi aka yi masa kwalliya haka?" in ji Malam. "Kuma wuta za ki kunna a kan abinci? Mayar da ita, sai an ɗauke lantarki."

Aka bushe da dariya. Amma ya yanka, da wuƙar yankan albasa, ya ɗanɗana ya ce ba laifi, sai dai waina ta fi shi hankali. Ya yanki babban yanki ya naɗe a takarda ya ba ni, ya ce in ci bayan jarrabawa. Ana kiran azahar na yi salla a gurguje na fita bakin titi. Ina fita na ga fartanyarsa da bututun roba a jingine a ƙofar zaure, ya riga ya shirya su tun safe.

Jarrabawar ta yi kyau. Babu amfanin in ɓoye. Har akwai tambaya a kan lokacin da tumatir ya fi buƙatar ruwa, na rubuta cewa lokacin fure ne, in ya sha ƙishi a zafi furen zai zube, kuma abin da ya zube ba ya dawowa. Na fito na cinye kek ɗin tas, don yunwa ba ta san kunya ba. Bayan mako guda na ɗauki Alƙur'ani bugu a ɗakin kwananmu na karanta izu ukun nan, na ce na biya. Amma zuciyata ba ta karɓa ba. Malam bai ce a karanta masa wata rana ba, ya ce a ranar.

Sau uku na je gida bayan wannan, kuma kowane zuwa da niyyar faɗa masa nake shiga mota. Ina tsara maganar tun daga fitowa Kano, in gyara ta a hanya, in iso da ita a bakina. Kowane zuwa kuma, bayan la'asar, sai in tarar an shimfiɗa tabarma a zaure, Malam ya sallami kowa, ya ce in zo mu zauna. Na ɗauka girmamawa ce ake yi wa mai shirin gama kwaleji, har ina jin kaina. Sai ya tambaye ni karatu, ya tambaye ni abinci, sannan ya yi shiru mai tsawo yana jan carbi. Ni kuma in cika shirun da labarin birni.

A zuwa na farko, cikin azumi, na raka shi gona. Tumatirin ya yi ganye shar, amma 'ya'ya jefi-jefi, alhali na maƙwabta har rassa suna kwanciya. Na tsuguna na duba, na ga guraben da fure ya zube. Sai ilimi ya motsa.

"Malam, ai wannan ƙishi ya sha lokacin fure. An tsallake masa ruwa. Shi tumatir in ya fara fure ko kwana uku ba a yi masa wasa, balle a wannan zafin."

Ya dube ni da idanun nan nasa masu hazo.

"Haka ne, Injiniya," in ji shi. "An tsallake masa."

Har na ƙara da cewa ya kamata ya riƙa barin wani yana taimaka masa tunda girma ya zo. Ya ce zai duba. A shekarar kwando kaɗan ya kai kasuwar tumatir ta Kadawa, shi da yakan cika mota.

Zuwa na biyu na kawo masa sakamako, na ci kwas ɗin. Ya yi murna har ya sa aka yanka zakara. Na ce a raina yau ba ranar ɓata masa rai ba ce. Zuwa na uku bayan ƙaramar Salla ne, na same shi da zazzaɓi, amma duk da haka ya sa aka shimfiɗa tabarmar ya fito yana dafa bango. Da zan tashi ya riƙe hannuna.

"Akwai magana?"

"Babu, Malam. Allah ya ƙara sauƙi."

"To," in ji shi. Ya sake ni.

Kwana biyar bayan nan ya rasu, kafin ruwan farko ya sauka. Ina cikin aji aka kira ni. Na iso an riga an yi masa wanka.

Ranar sadakar bakwai Yaya ya ce a sauke masa Alƙur'anin kakanmu. Ya fito da gafakar, ya fara rabo. Na ce a ba ni kason da na ɗauka wancan karon. Babu wanda ya tambayi dalili. Na riga na ƙudura cewa yau zan raba warƙoƙin nan ɗaya bayan ɗaya, ko da zan kai magariba. Na karanta izu biyun farko, na iso inda na tsaya. Akwai ɗan karan shinkafa a wurin, an sa shi alama. Na hura bakin warƙar na sa farce, sai ta taso da kanta. Ta gaba ma haka. Na bi su duka har ƙarshe da yatsa, babu guda biyu da ke manne. Tun ranar saukar nan ba a yi wani taro da kundin ba, wannan na tabbata. Na karanta kasona, ban san yadda na kai ƙarshe ba.

Da mutane suka ragu na shiga wurin Inna. Tana zaune a ƙofar ɗakinta cikin takaba, da faifan shinkafa a gabanta tana tsinta, don ita ba ta iya zama hannu sake. Na zauna a ƙasa na nuna mata karan.

"Inna, wa ya buɗe kundin nan bayan saukar Malam?"

Ba ta ɗago ba. Ta tsinci tsakuwa biyu ta jefar.

"Sai yau ka tambaya?"

Ta ture faifan gefe, ta ci gaba.

"Kana fita 'yan'uwanka ma suka watse, kowa yana sauri. Ya zauna yana jera warƙoƙin zai mayar gafaka. Ka san shi, sai ya bi gefensu da babban yatsa. Ya zo kan naka ya ji warƙoƙi a manne, ya tsaya. Ya sake bi. Sai ya ce in kawo masa ruwan alwala in fitar masa da buzu inda haske ya fi yawa."

"Ranar ruwansa ce fa, Inna."

"Ni za ka gaya wa? Na ce Malam, ruwa fa. Ya ce ruwa zai dawo wani makon, ranar nan kuwa in rana ta faɗi ta tafi ke nan. Na ce to a aika a gaya wa baffanku ya sa wani ya buɗe maka. Ya ce in ya aika za a tambayi me ya hana shi, shi kuma ba zai yi ƙarya ba, ba zai kuma tona asirin ɗansa ba. Ya zauna a can, gindin bangon can, yana karanta abin da ka tsallake. Kowace warƙa sai ya kai ta hancinsa, idon yana ruwa yana sharewa da hannun riga. Salla kawai ke tashinsa. Ana gab da kiran magariba ya gama, ya sake ɗaga hannu ya yi addu'ar daga farko, ni kaɗai ce mai amin."

Na kifa kaina a gwiwa na yi kuka irin wanda ban yi ba ko a maƙabarta. Inna ta bar ni, ba ta ce in yi haƙuri ba. Da na sami murya na tambaye ta ko ya yi fushi.

"Da ya yi fushi ai da ka ji a jikinka. Ni ce na yi. Na ce bari in kira shi a waya in wanke shi tas. Ya hana. Ya ce, ki ƙyale shi, wani abu ne ya fi ƙarfinsa, zai zo ya faɗa mini da bakinsa, yaron nan bai iya riƙe abu a ciki ba. Ya ce yana so ya yafe maka kana ji, ba a bayan idonka ba." Ta jawo faifan kusa. "Shi ya sa duk zuwan da ka yi yake sa ni in shimfiɗa muku tabarma, ya kori kowa daga zaure. In ka tafi sai ya naɗe ta da kansa ya ce, wataƙila wani zuwan."

Na tashi na nufi zaure. Masu gaisuwa sun tafi, an kwashe tabarmin aro an mayar wa masu su. Tamu tana nan a bayan ƙofa, a naɗe, yadda ya jingine ta.